Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Alƙalai Da Masu Bincike: Ganau Ma Yakan Tuna Abin Da Bai Gani Ba

Zuwa ga masu girma alƙalan kotunanmu, na majistare da na shari'ar Musulunci da na manyan kotuna, da lauyoyin gwamnati masu gabatar da ƙara, da jami'an 'yan sanda masu binciken laifuka.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan mutumin da kuke gani kullum a bakin aikinku, wato mai ba da shaida da yake tsayawa a gabanku ya yi rantsuwa ya ce da idonsa ya gani. Mai shaidar zur ba shi ne damuwata a wannan wasiƙa ba, domin kun san shi, kuna da dabarun kama shi, doka kuma ta tanadi hukuncinsa. Wanda ya hana ni sakat shi ne mutumin kirki mai tsoron Allah, wanda ba a ba shi ko sisi ba, ba shi da gaba da wanda ake tuhuma, yana magana muryarsa na rawa saboda tsananin yaƙini, amma abin da yake faɗa bai faru yadda yake tuna shi ba. Na san da akwai irin wannan mutum domin na taɓa zama shi.

Shekarun baya, wajen ƙarfe biyu na dare, an ɗauke wuta, na ji ana dukan kwaɗon shagon maƙwabcina mai sayar da kayan masarufi. Na fito da tocila, na haska, sai na ga mutum da buhu a kafaɗa yana shirin shan kwana a bakin lungu. Ya waigo sau ɗaya, gwargwadon numfashi biyu, ya ruga. Kafin hantsi ƙofar shagon ta cika da masu jaje, kowa yana kawo nasa: wannan ya ce dogo ne, wancan ya ce ai tun kwanaki yake ganin wani yaro mai gyaran babur a bakin titi yana leƙen shagon. Da azahar 'yan sintiri suka kawo yaron, rigarsa a yage. A ofishin 'yan sanda jami'in ya nuna min shi yana zaune a kan benci shi kaɗai, ya ce, "Malam, wannan ne ka gani ko?" Na ce, "Ya yi kama da shi." Jami'in ya rubuta bayanina da Turanci, ya karanta min da sauri, na sa hannu.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan wasiƙa. Cikin makonni biyu shakkata ta gushe gaba ɗaya. Na ba da labarin a masallaci, na ba da shi a wurin aiki, na ba da shi ga duk wanda ya zo jaje, kuma duk maimaitawa sai hoton ya ƙara fitowa tar a zuciyata, har na gaya wa mai ɗakina cewa tabon da ke kan girarsa na dama na gane. Bayan mako bakwai aka samu kayan a hannun wani mutum dabam, wanda ya amsa fasa shagon tare da wasu shaguna. Aka saki yaron, bai ƙara zama unguwar ba, mahaifiyarsa kuwa ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba. Sai daga baya na zauna na yi lissafi: babu yadda za a yi in ga tabo a girar mutum da hasken tocila daga nisan taku ashirin. A kan benci na ga tabon, da rana tsaka, ƙwaƙwalwata ta ɗauke shi ta mayar da shi cikin daren. Har yau idan na tuna daren nan, fuskar yaron nake gani a cikin hasken, alhali na san ba shi ba ne.

Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin wani rauni nawa ni kaɗai, sai da na shiga karanta binciken masana halayyar ɗan Adam na gane cewa haka aka halicci tunawar kowa. Mu dai mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset ce, abin da ya shiga yana nan, iyaka dai ya dusashe. Tun a 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya nuna akasin haka, lokacin da ya ba Turawan Ingila wata tatsuniya ta 'yan asalin Amurka su karanta, sannan ya riƙa neman su maimaita ta bayan kwanaki da watanni. Duk maimaitawa sai labarin ya gajarta, abubuwan da suka zame musu baƙi su faɗi, waɗanda suka rage kuma su rikiɗe su dace da abin da mai ba da labarin ya saba da shi. Abin da masana suka tsaya a kai tun daga nan shi ne, mutum yana ajiye gutsattsarin abin da ya faru ne, idan ya zo tunawa sai ya sake ɗinka su, inda ya samu giɓi ya cike da abin da ya ji, ko ya zata, ko aka tambaye shi. Shi kansa ba ya ganin ɗinkin.

Ina roƙon jami'an bincike su tsaya a kan gwajin da Elizabeth Loftus da John Palmer suka yi a Jami'ar Washington a 1974, domin ya shafi aikinsu kai tsaye. Sun nuna wa ɗalibai 45 hotunan bidiyo na haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin suke yi, amma suka sauya kalma ɗaya tak a cikin tambayar. Waɗanda aka ce wa "lokacin da motocin suka ragargaji juna" sun kimanta gudun sama da mil 40 a awa, waɗanda aka ce wa "lokacin da suka taɓa juna" suka ce kusan mil 32. A gwaji na biyu, da mutum 150, an dawo da su bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon. Duk da haka mutum 16 cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai zafi suka ce sun gani, a yayin da 7 ne kacal cikin 50 suka faɗi haka a rukunin da aka ce wa motocin sun bugi juna. Kalmar mai tambaya ta shiga cikin tunawar mai amsa ta zauna, har ta haifi gilashin da babu shi.

Ku dubi wannan da idon mai jin Hausa. Tsakanin "motar ta goge shi" da "ta buge shi" da "ta banke shi" da "ta bi ta kansa" akwai tazarar da za ta iya sauya tuhuma. Tsakanin "me ka gani a hannunsa?" da "wace irin wuƙa ce a hannunsa?" akwai wuƙa sukutum da aka miƙa wa mai shaida. A wurinmu kuma matsalar ninki biyu ce, domin mai shaida yana magana da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri, jami'i ya rubuta da Turanci, bayan shekaru tafinta ya sake mayar masa da maganar cikin harshensa da kalmomin da ba nasa ba. Mutumin ƙauye da aka karanta wa takarda mai ɗauke da dangwalen yatsansa a gaban alƙali ba zai ce "ba haka na faɗa ba" cikin sauƙi ba, kuma abin da ya fi ban tsoro, bayan ya ji ta sau biyu ko uku, zai fara tuna abin yadda takardar ta faɗa.

Sai batun taron jaje. Al'adarmu ce mai kyau, idan abu ya samu mutum a taru a kansa, amma ga mai bincike wannan taro shi ne wurin da shaida take cakuɗewa. A 2003 Fiona Gabbert da abokan aikinta a Jami'ar Aberdeen sun nuna wa mutane biyu-biyu bidiyon abu guda da aka ɗauka ta kusurwa dabam-dabam, kowanne yana zaton abin da ya gani shi ɗan'uwansa ya gani. Aka bar su suka tattauna, sannan aka tambayi kowa shi kaɗai. Kashi 71 cikin 100 na waɗanda suka tattauna sun ambaci abin da ba a nuna a nasu bidiyon ba, daga bakin abokin kallo suka samo shi. Hausawa sun raba ganau da jiyau, suka ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Sai dai bayan yini guda a ƙofar shago, ganau ya riga ya zama jiyau a kan rabin abin da yake faɗa, kuma ba zai iya rarrabe muku wanne ne wanne ba. Saboda haka idan mutum biyar daga lungu ɗaya suka zo da bayani iri ɗaya har da launin hula, wannan daidaituwa ba lallai ta zama ƙarfi ba. Mai yiwuwa shaida ɗaya ce ta shiga baki biyar.

Wani zai ce wannan duk a kan ƙananan bayanai ne, gilashi da hula, amma babu mai tuna abu sukutum da bai faru ba. An gwada wannan ma. A 1995 Loftus da Jacqueline Pickrell suka ba mutum 24 labarai huɗu-huɗu na yarintarsu, aka ce daga danginsu aka samo. Uku gaskiya ne, na huɗun kuwa ƙagagge ne: wai sun taɓa ɓata a wata babbar cibiyar kasuwanci suna da shekara biyar, suna kuka, har wata dattijuwa ta tsince su. Bayan an yi hira da su, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun ce suna tuna abin, gaba ɗaya ko wani ɓangare, wasu har da ƙarin bayanan da ba a ba su ba. A 2002 Kimberley Wade da abokan aikinta a New Zealand suka haɗa hoton bogi na mutum yana yaro a cikin kwandon balan-balan mai tashi sama, bayan hira uku rabin mutum 20 da aka gwada suka fara ba da labarin tafiyar da ba su taɓa yi ba. Masana suna jayayya a kan yadda ya kamata a ƙirga irin waɗannan amsoshi, wato wa ya tuna da gaske, wa kuma ya yarda kawai don an ce danginsa ne suka faɗa. Amma babu mai jayayya cewa abin yana faruwa, kuma sinadaransa sanannu ne: wanda aka amince da shi ya faɗa, a maimaita tambaya, a ce wa mutum ya daure ya yi ƙoƙarin tunawa. Duk ukun suna haɗuwa a ɗakin bincike, musamman idan mai shaidar yaro ne ƙarami da yake son faranta wa babba rai.

Ya masu shari'a, yanzu na zo kan abin da ya fi shafarku, wato yaƙini. Kowane ɗan Adam, har da alƙali, yana karkata ga mai magana da tabbaci, wanda bai yi inda-inda ba, wanda lauya ya titsiye shi bai girgiza ba. Washegarin ranar da kumbon Challenger ya tarwatse a sararin Amurka, 28 ga Janairun 1986, Ulric Neisser ya sa ɗalibai a Jami'ar Emory suka rubuta inda suke da abin da suke yi da wanda ya ba su labari. Bayan kimanin shekara biyu da rabi shi da Nicole Harsch suka sake tambayar 44 daga cikinsu. Kashi ɗaya cikin huɗu ba su dace da rubutunsu na farko a kan ko da abu guda ba, duk da haka da yawansu suna da cikakken tabbaci, kuma da aka nuna musu takardunsu wasu sun gane rubutun hannunsu amma suka tsaya a kan sabon labarin. Shekara biyu da rabi ke nan. Ku da kanku kun san shari'o'i nawa ne a gabanku da ake ɗagewa har mai shaida ya hau akwati bayan shekara huɗu ko biyar da faruwar abu.

Shi yaƙinin ma ana iya hura shi kamar balan-balan. Gary Wells da Amy Bradfield sun nuna a 1998 cewa idan mai shaida ya nuna mutum a cikin jeren fuskokin da aka ba shi ya tantance, ko da kuskure ya yi, aka ce masa "madalla, ka nuna wanda ake zargi", to daga baya zai ce tun farko yana da tabbaci, zai ce ya ga fuskar sosai, zai ce ya mai da hankali ƙwarai. Kalmar yabo guda ta gyara masa har tarihin yadda ya gani. A wurinmu ba sai jami'i ya yi magana ba, gyaɗa kai ya isa, ko "yauwa" daga bakin mai unguwa da ke tsaye a gefe.

Labarin Ronald Cotton ya tattara duk waɗannan. A 1984 a garin Burlington na jihar North Carolina, wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson ya yi mata fyaɗe, ita kuwa ta daure ta ƙare wa fuskarsa kallo da niyyar ta gane shi. Da aka jera mata hotuna ta ɗauki mintuna tana dubawa kafin ta zaɓi na Cotton, daga baya aka jera mata mutane ta sake nuna shi, domin shi ne fuskar da ta riga ta gani a hoto. A kotu ba ta da sauran shakka. Da aka sake shari'ar a 1987 aka kawo mata Bobby Poole, wanda shi ne ainihin mai laifin, ta dube shi ta ce ba ta taɓa ganinsa ba. Sai a 1995 gwajin ƙwayar halitta na DNA ya wanke Cotton, bayan ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku. Matar nan ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ƙungiyar Innocence Project ta Amurka ta duba shari'o'i 375 da gwajin DNA ya wanke waɗanda aka ɗaure, ta samu cewa kusan kashi 70 cikin 100 akwai kuskuren mai shaidar gani da ido a cikinsu. Su can sun samu gwajin da ya tona kuskuren. Mu a nan da wuya a adana abin da za a gwada bayan shekara goma, don haka wanda aka ɗaure bisa kuskuren ido yakan ƙare wa'adinsa babu wanda ya sani sai shi da Mahaliccinsa.

Ko amsa laifi da bakin mutum bai kuɓuta daga wannan ba. A 1996 Saul Kassin da Katherine Kiechel suka sa ɗalibai buga rubutu a kwamfuta, aka gargaɗe su kada su taɓa wani maɓalli. Kwamfutar ta mutu da gangan, aka zarge su da taɓawa, wasunsu har aka sa wani ya ce ya gan su sun taɓa, alhali babu wanda ya taɓa. Kashi 69 cikin 100 suka sa hannu a takardar amsa laifi, kashi 28 suka yarda a ransu cewa sun aikata, kashi 9 har suka ƙago bayanin yadda yatsansu ya zame. Babu mari, babu barazana, babu kwana uku a bayan kanta ba barci. Na san taɓa maɓalli ba fashi da makami ba ne, amma idan ɗan matsi kaɗan da shaidar ƙarya ta mutum ɗaya suka isa su sa mai hankali ya zargi tunawarsa, ina ga yaron da aka tsare shi kaɗai aka ce masa mutum biyar sun gan shi? Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin ɗaukar bayanin amsa laifi a bidiyo da kuma halartar lauya, jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan turba, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma tana nan. Abin da ya rage shi ne kotu ta riƙa tambayar ina bidiyon yake, kuma rashinsa ya zama yana da nauyi a ma'auninta.

Allah ya gafarta malamai alƙalan kotunan shari'a, ku wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurinku, domin malaman hadisi sun riga masana na yau rarrabe abu biyu da muke cakuɗawa. Ba su karɓar ruwaya sai mai ruwaya ya cika sharaɗin adalci da sharaɗin kiyayewa, kuma sun san mutum yana iya zama salihi mai gaskiya amma haddarsa ta yi rauni, ko ta rikice a ƙarshen rayuwarsa. Sun bambanta kiyayewar ƙirji da kiyayewar littafi. Abdullahi ɗan Lahi'a alƙalin Masar ne, babu mai tuhumarsa da ƙarya, amma da littattafansa suka ƙone ya koma dogaro da hadda, sai malamai suka riƙa bambanta waɗanda suka ji daga gare shi tun farko da waɗanda suka ji daga baya. Wannan shi ne ainihin abin da nake roƙo a yi wa mai shaida: bayan an tabbatar da mutuncinsa, a sake tambaya ta biyu a kan yadda abin da ya gani ya kasance a ajiye daga ranar da ya gani zuwa ranar da ya faɗa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani umarni ce da a rubuta bashi, tsakanin muminai masu gaskiya, kuma ƙa'idar kawar da haddi saboda shubuha a hannunku take.

Kada a fahimce ni da cewa ina kira a yi watsi da shaidar gani da ido. Wanda ya ga maƙwabcinsa na shekara ashirin da rana tsaka ba daidai yake da wanda ya hangi baƙo da tocila ba, kuma akasarin abin da mutane suke tunawa yana kusa da gaskiya. Hasali ma John Wixted da Gary Wells sun tattara bincike a 2017 suka nuna cewa tabbacin da mai shaida ya bayyana a karon farko, idan an gwada shi ta tsabtatacciyar hanya, abin dogaro ne ƙwarai. Darajar tana ga karon farko. Tunawa kamar sawun ƙafa ce a kan rairayi a wurin da aka yi ɓarna: idan aka auna shi da sassafe zai kai ku gidan ɓarawo, idan aka bari jama'a suka tattake wurin, sawun da za ku auna na masu jaje ne.

Don haka roƙona ga jami'an bincike bai buƙaci kasafin kuɗi ba. A raba masu shaida tun a wurin da abu ya faru, a ji kowa shi kaɗai, a ranar idan da hali. A bar mutum ya ba da labarinsa da bakinsa daga farko har ƙarshe ba tare da katse shi ba, kamar yadda tsarin hira da Ronald Fisher da Edward Geiselman suka tsara tun shekarun 1980 ya koyar, sannan tambayoyi su biyo baya, su ma buɗaɗɗu. Wayar da ke aljihun kowane jami'i tana iya naɗar muryar mai shaida cikin harshensa, a ajiye ta tare da fassarar, yadda duk wanda ya yi shakkar fassarar zai koma ga asali. Kafin a nuna masa kowa, a rubuta siffar da ya bayar. Idan an zo jeren tantancewa, a sa wanda ake zargi cikin mutanen da suka dace da wannan siffa, jami'in da bai san wanda ake zargi ba ya gudanar, a gaya wa mai shaida ƙarara cewa mai yiwuwa wanda ya gani ba ya cikin jeren kuma babu laifi ya ce bai gane kowa ba. Nuna masa mutum ɗaya a kan benci da ankwa a hannu tambaya ce da ta zo da amsarta.

Holin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida kuwa, ban da zubar da mutuncin wanda kotu ba ta kama da laifi ba, yana lalata shari'ar masu gabatar da ƙara da kansu. Da zarar hoton mutum ya zaga WhatsApp da Facebook da bindiga a gabansa, duk wanda zai zo ya nuna shi daga baya ba za a iya sanin ko daga daren fashin ya san fuskar ko daga wayarsa ba, shi ma kansa ba zai sani ba.

Ga masu shari'a, ƙa'idojin shari'ar Turnbull ta Ingila ta 1976, waɗanda kotunanmu suke kafa hujja da su, sun riga sun umarce ku da duba tsawon lokacin gani da nisa da haske da ko an san mutumin a da. Ina roƙon ku ƙara wasu tambayoyi a kai: da wa mai shaida ya yi magana kafin ya ba da bayani, a ina ya fara ganin fuskar wanda ake tuhuma bayan faruwar abin, sau nawa aka nuna masa shi, kuma me ya faɗa da bakinsa a karon farko. Idan tabbacinsa na yau ya fi na ranar farko, a binciki abin da ya ƙara shi. Ina kuma fata Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa da kwalejojin 'yan sanda za su gayyato malaman halayyar ɗan Adam na jami'o'inmu su koyar da wannan, su kuma malaman su maimaita gwaje-gwajen da Hausa, domin akasarinsu an yi su ne da Turanci a kan ɗaliban Amurka da Turai, kuma muna buƙatar sanin abin da "banke" da "goge" suke yi wa tunawar Bahaushe, da abin da kunyar musa wa babba take yi wa bayanin yaro ko na matar aure a gaban jami'i.

Daga baya na samu ganin takardar da na sa wa hannu a ranar nan. Inda na ce "ya yi kama da shi", an rubuta da Turanci cewa na gane shi. Ba na zaton jami'in ya yi da mugun nufi, ya ɗauka taƙaita min magana ya yi. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma da an rubuta kalmomina biyar yadda na faɗe su, da duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya ga shakkar da ni kaina na manta na taɓa yi. Ina roƙonku, idan mai shaida ya ce "ya yi kama", ko "ina jin shi ne", ko "wallahi ban tabbata ba", a rubuta hakan da harshensa, a sa kwanan wata, a kawo shi gaban alƙali tare da sauran kayan shaida.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta da ya taɓa ba da shaida.